Hayaƙin Gidan Chabrand

Puy-Sauvan, 12 ga Nuwamba, 1894

Firmin nawa,

Gaisuwa daga kan dutse zuwa bakin teku. Ina fata tarin nan ya sake ka, kuma ruwan tukwanen sabulu bai sake cinye maka fatar hannu ba. Ni lafiyata ƙalau. Saniyarmu Muscade ma lafiya, sai dai ta rage nono, kamar ita ma ta san ka tafi. Goggo Olympe tana gaishe ka, ta ce duk jikinta na gaisuwa ban da gwiwar hagu.

Rana ta tafi jiya. Ina ƙofar gida ta leƙo ta tsagin dutsen kudu, ta shafi rufin coci, ta koma. Shi ke nan, dutse ya tare mana ita sai Fabrairu. Na mai da gado ɗakin saniya kamar kowace shekara, na jera busasshen kashinta na hura wuta har rufi. Burodin shekara yana sama, ya fara taurin da sai gatari.

Mutumin hukumar daji ya sake zuwa, mai farar hular nan. Ya ce tun da kakanninmu suka sare itatuwa, tumaki suka cinye saura, dutsen ba shi da abin riƙe ƙasa, shi ya sa rafinmu ke haukacewa yana cin garuruwan ƙasa. Wai gwamnati za ta sayi garin ɗungurungum, gida da gona da makiyaya, mu watse, a dasa itatuwa. Kawunka Casimir, da yake shi ne mai gari, ya ce za a yanke magana a kan gada ranar da rana ta dawo, kuma sai kowace wuta, wato kowane gida, ta yarda. Goggo ta tambayi mai farar hular, "Har makabartar?" Ya ce har ita. Ta ce, "To ni a dasa mini mai 'ya'ya a kai, in ba haka ba na fasa mutuwar."

Na gama littafin da ka bar mini, na matar kaftin ɗin jirgi. Firmin, wace irin mugunta ce ka kawo mini kashi na ɗaya kawai? Ya tsaya daidai inda jirgin ya kama da wuta, tana tsaye da jariri a hannu! Ka nemo mini na biyu ko a hannun wa yake. Tun da na karanta shi, in na rufe ido sai in gan ni a saman jirgi, iska na kaɗa gyalena, babu dutse ko ɗaya gabas da yamma, sai ruwa da rana. Da ma a ce ni ce.

Matarka,
Zélie


Marseille, 2 ga Disamba, 1894

Zélie,

Na sami takardarki, na ji daɗi da kina lafiya. Tari da sauƙi. Hannu dai sai a hankali.

Na karanta ƙarshen takardar har ta fara yagewa. Tun da na aure ki nake ganin kina kallon hotunan littattafan nan, ina jin kunya, don abin da na iya ba ki ɗakin saniya ne. Ban san yadda zan tambaye ki ba, sai ga shi kin faɗa da bakinki. To gimbiyata, za ki hau jirgin. Mu 'yan Puy-Sauvan da ke nan mun zauna, mun aika wa Kawu Casimir cewa mun yarda a sayar. Da rabonmu za mu tafi Amurka, wajen ɗan Mélanie 'yar garinmu, ya ce ana neman makiyaya kuma rana ba ta ɓuya a can ko yini ɗaya.

Ga abin da za ki yi. Ki rufe gida ki sauka wajen yayata Léonie kafin hanya ta toshe. Na ba Kawu saniya da ciyawarta, zai zo ya kora. Kin san ƙa'ida, gidan da hayaƙinsa ya ɗauke daga Lahadi zuwa Lahadi ya mutu a wannan sanyin, ba a kiran sunansa a kan gada. Haka ya fi sauƙi, ba sai kin tsaya gaban maza kin yi magana ba.

Na kuma sa Anselme kafinta ya yi mana akwatin tafiya babba, da katako na gaske daga kwari. Za ki gani.

Kashi na biyu ban samu ba tukuna.

Firmin


Puy-Sauvan, 16 ga Disamba, 1894

Firmin,

Ina gaishe ka don an koya mini a fara da gaisuwa. Ina fata kana lafiya. Ni ma lafiya, in ban da yatsuna da ke sandarewa a kan alƙalami, kuma ka san dalili.

Watan jiya na karanta labarin wata da ta zuba wa mijinta guba a miya, ita ma na ce da ma ni ce. Me ya sa wannan ba ka shirya mini ba? Haba Firmin! Ina hawa jirgi ne da daddare in sauka da safe in tatsi saniyata. Abin da littafi yake yi ke nan. Da ina son teku da na auri ɗan kwari mai shago, ai ya nema kafin kai.

Kawunka ya zo ranar Talata da igiya. Na tsaya a ƙofa na ce, "Kawu, ina za ka da ita?" Ya ce, "Mai ita ya ba ni." Na ce, "Mai ita yana Marseille yana dafa sabulu, mai tatsarta ce a gabanka." Ya yi dariya ya ce, "'Yar nan, wannan ba littafi ba ne. Ɗauko ƙunshinki, akwai wuri a kan alfadari." Muscade ta turje a bakin ƙofa, sai da suka yi ta turi. Da ta fita, ɗakin ya yi sanyi tun kafin in rufe ƙofar. Ban taɓa sanin yawan ɗumin da ke cikin saniya ɗaya ba sai ranar.

Anselme kuma ya kawo akwatinka. Yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Jan katako, hannaye biyu na ƙarfe, an rubuta sunanka da farin fenti, a ƙasa an rubuta Amurka. Nawa sunan ba ya jiki. Na ajiye shi inda Muscade take kwana.

Ka tuna rabin ƙa'ida ka manta rabi. Gidan da ya mutu ba a kiran sa, gaskiya ne. Amma gidan da ke raye, wanda ya kwana da wutar shi ke amsawa, mace ko namiji. Haka kakata ta amsa shekarar da aka raba ruwan rafi, maza duk suna yawon talla. Ni ce nake kwana da wutar gidanmu, gidan Chabrand.

Gonar bayan coci, wadda kuke shirin ba mai farar hula, kowace bazara ni da kai muke kwaso ƙasarta daga gindin gangare, inda ƙanƙara ta zubar da ita, mu hau da ita a kwando mu mai da ta sama. Kafin kai, da babana na yi. Allah bai ba ni goyo ba tukuna, amma gonar nan a bayana ta girma. Babu wanda zai sayar da ita bai tambaye ni ba.

Ba zan sauka ba. Ka gaya wa Léonie kada ta shimfiɗa gado.

Zélie


Marseille, 4 ga Janairu, 1895

Zélie,

Barka da sabuwar shekara. Ina lafiya, ko da yake takardarki ta hana ni cin abinci.

To na yi kuskure wajen karatu, na yarda. Ke ce mai karatu, ni sai dai in bi da yatsa. Amma ki saurare ni. Rafin nan ya cinye gonar babanki ta ƙasa kina kallo. Ƙasar da muke hawarwa kowace shekara raguwa take yi, kwandon bana bai kai na bara ba, ke ma kin sani. Makaranta ta rufe don babu yara. Maza rabin shekara muna gidan wasu muna dafa musu sabulu don mu iya zama a namu rabin shekara. Wannan gari ne, ko kuwa taurin kai ne kawai aka yi wa rufi?

Sannan kashin da kika jera, lissafinsa da saniya a ɗaki aka yi. Ba saniya, ninki biyu za ki ƙona, ba zai kai ki Fabrairu ba. Kada ki yi mini wasan matan littafi, su ba sa jin sanyi, da tawada aka yi su. Ki sauka.

Firmin


Marseille, 27 ga Janairu, 1895

Zélie, Zélie,

Ba amsa. Wani mai keken doki daga kwari ya ce ƙanƙara ta zubo daga dutse ta rufe hanya a ƙasan gada, tun tsakiyar wata ba wanda ya hau ba wanda ya sauko. Na tambaye shi ko ana ganin hayaƙi daga ƙasa. Ya ce hazo ne, ba a ganin komai. Na nemi izini a wajen aiki, amma in na zo ma a kwari zan tsaya ina kallon sama.

Ni na cire miki saniya. Na yi haka ne don sanyi ya koro ki, kuma yanzu ba hanyar da za ki bi. In wannan ta same ki, ki ƙona littattafan nan duka, zan sayo miki wasu, na rantse, har da kashi na biyu. Ko ki je gidan Kawu ki kwana, bar wutar ta mutu. Ki dai rubuto kalma ɗaya.

Firmin


Puy-Sauvan, 14 ga Fabrairu, 1895

Firmin nawa,

Ina raye. Na san shi kake son ji, shi ya sa na fara da shi. Yatsun ƙafata biyu sun yi baƙi, Goggo tana shafa musu man alade, ta ce ba za su faɗi ba. Ina fata kana cin abinci yanzu. An fasa hanya shekaranjiya, takardunka biyu suka zo tare. Na fara buɗe ta biyun, na yi kuka, sannan na buɗe ta farkon, sai na ji haushi, hawayen suka bushe. Da a jere suka zo da yanzu da taushi zan rubuto.

Lissafinka daidai ne. Kashin ya ƙare kafin ƙarshen Janairu. Da safe ruwan tulu dutse ne, bargo yakan manne da bango. Kawunka ya bi gida gida ya ce kada wanda ya ba ni ko dunƙulen kashi ɗaya, wai don jinƙai ne, in gaji in koma gidansa. Kowace safiya yakan fito ƙofarsa da kofi a hannu ya ɗaga kai ya dubi bututun hayaƙinmu. Ni kuma in leƙo ta taga in ce, "Ina kwana, Kawu? Ka ga yana tashi ko?"

Goggo Olympe ce ta karya dokar. Ba ta da murya a kan gada, tunda gidan ɗanta take kuma shi ya yarda a sayar. Da rana tsaka ta koro awakinta biyu ta tsakiyar gari ta shigo da su ɗakinmu. Ɗanta ya biyo ta yana cewa, "Inna, me mutane za su ce?" Ta ce, "An ce kada a ba ta abin ƙonawa. Ka taɓa ganin an ƙona akuya?" Tun daga ranar a ɗakinmu take kwana. Awaki biyu da tsohuwa ɗaya sun kusa rabin saniya. Ita ta faɗi haka, ba ni ba.

Amma ɗumi daban, hayaƙi daban. Na ƙona kujera mai ƙafa uku, na ƙona matattarar cuku da ta tsage. Daga ranar Lahadi babu komai, har Laraba, har Alhamis. Bututu ya yi shiru, in ya kai wata Lahadin gidan ya mutu. Ranar Juma'a Kawunka ya shigo, bai yi dariya ba wannan karon. Ya dubi murhu, ya dubi littattafaina a kan shiryayye, ya ce, "Zélie, ga takarda nan jibge. Ƙona su ki ji ɗumi yini ɗaya, sannan ki taho gidana. Kin yi ƙoƙari, kowa ya gani." Na ce, "Kawu, takarda ba ta hayaƙi, fuu take yi ta wuce. Na gode da shawara."

Da ya fita na zauna ina kallon su. Na yi tunanin matar kaftin, tana can tsaye da jaririnta a jirgi mai ci da wuta tun Nuwamba, ban san abin da ya same ta ba, in kuma ƙara mata wata wutar? Sai Goggo, da ke zaune a kan akwatinka, ta ƙwanƙwasa shi da sandarta ta ce, "Kai, Anselme bai yi rowar katako ba."

Firmin, da gatarin burodi na fasa shi.

Ban taɓa ganin itace irin wannan a murhunmu ba. Ɗanye ne, da ƙaro a jiki, yana ci a hankali yana tartsatsi, hayaƙinsa baƙi kuma mai kauri, har daga bayan coci ana gani. Tsinke tsinke na riƙa sa shi. Murfin ya kai ni Lahadi. Gefen da aka rubuta sunanka shi na bari ƙarshe, na kuma ce maka yi haƙuri kafin in sa. Amurka kuwa ta ci da kyau.

Rana ta dawo ranar goma ga wata. Kowa ya fito kan gada da kaskon wainar ƙwai kamar yadda aka saba, ni da ƙwai ɗaya tak, shi kazar ta iya. Muka tsaya muna kallon tsagin dutse. Da hasken ya sauko ya taɓa gada, muka ɗaga kasko, tsofaffi suka cire hula. Sannan Kawu ya fara kiran gidaje. Wannan ya ce mun yarda, wancan ya ce mun yarda. Wasu da ƙarfi, wasu sai an ce su maimaita. Da ya zo kanmu ya ɗaga kai ya dubi bututunmu, hayaƙi na tashi. Mutum ne mai bin ƙa'ida, wannan kam zan ba shi. Ya ce, "Gidan Chabrand. Wa ya kwana da wutar?"

Na ce, "Ni."

"Me kuka ce?"

Na daɗe ina shirya jawabi, Firmin, irin na littafi, da hannu a ƙirji. Duk ya gudu. Na ce, "Ba mu yarda ba." Ba a ma ji ba, sai da na sake faɗa.

Ba wanda ya tafa. Mélanie ta ajiye kaskonta a kan gada ta zo gabana ta ce, "'Ya'yana biyu suna can, ban gan su ba tun suna samari. Ke kin hana ni in mutu kusa da su, saboda gona mai faɗin zani." A littattafai wadda ta ce a'a ita ce mai gaskiya, sauran duk mugaye ne. Mélanie ba muguwa ba ce, ita ta yi mini kitso ranar aurenmu. Yanzu in na je rijiya mata sukan yi shiru.

Amma da za a sake kira gobe, abin da zan faɗa ke nan. Kawu ya ce mai farar hula zai dawo baɗi. Na ce ya same ni.

Littattafaina suna nan, ko shafi ɗaya bai taɓu ba. Alkawarin kashi na biyu dai ka yi rantsuwa a kai, ina riƙe da takardar.

Zélie


Marseille, 3 ga Maris, 1895

Zélie,

Na gode Allah. Na karanta layin farko na zauna a kan matakala, mai gadi ya zaci ciwo ne. Ki kula da yatsun nan. Ki gaya wa Goggo na gode, har da awakin.

Akwatina, Zélie! Ko ganinsa ban yi ba.

'Yan garinmu a nan ba sa zama da ni wajen cin abinci. Sun ce Chabrand ya kasa da matarsa, ta ƙone musu hanya. Na mari ɗaya, ban san ko don ke ko don ni ba. Ban canza ra'ayi ba, kada ki ɗauka na canza. Dutsen nan zai sauko mana wata rana, da yardarki ko babu. Ɗan Mélanie ya ce zai riƙe mini wuri har damina ta wuce, ko da ba a sayar ba. Ban ce masa i ba, ban ce a'a ba.

Zan taho in ƙanƙara ta narke. Na tuntuɓi Kawu a takarda, ya ce saniya tana nan, ta ƙi ba matarsa nono. Na sami kashi na biyu a wajen wani tsoho a bakin tashar jirgi. Na sa ya karanta mini ƙarshen. Ba zan gaya miki ba.

Mijinki, in har yanzu kina kira na haka,
Firmin


Puy-Sauvan, 19 ga Maris, 1895

Mijina,

Ga shi na kira. Yatsu sun warke, ɗaya ya rasa farce. Na je da kaina na koro Muscade ranar Asabar, ba igiya, ita ta riga ni gida.

Kada ka kuskura ka gaya mini ƙarshen. In matar kaftin ta mutu ma ni zan gano.

Ƙanƙara ta fara janyewa daga bayan coci, ƙasar gonar duk ta taru a gindin gangare, ta fi ta bara yawa. Ka ce dutsen zai sauko. To ya sauko, yana nan yana jira a mai da shi. Ka zo mu yi gardamar a kan hanya, kai da kaya ni da kaya, wanda numfashinsa ya rage shi zai yi magana.

Abu ɗaya ya ragu na akwatinka. Hannayen ƙarfen nan biyu wuta ba ta ci su ba, na tsince su a toka na goge. Igiyar kwandonka na ɗaukar ƙasa dama ta tsinke tun bara. Anselme ya kafa maka hannayen a jikin kwandon, ya ce ko Amurka za su kai. Yana rataye a bayan ƙofa, kusa da nawa.

Zélie